Katako a Gidan Na'ura: Sharhi a Kan Gina Cibiyoyin Adana Bayanai da Itace

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2024 ne kamfanin Microsoft ya ba da sanarwar cewa yana gina waɗansu cibiyoyin adana bayanai guda biyu a arewacin jihar Bajiniya ta ƙasar Amurka, waɗanda, maimakon a zuba musu daɓen bene da rufi na kankare mai kauri kamar yadda al'adar magina ta gudana, za a shimfiɗa musu manyan alluna na haɗaɗɗen katako bisa ƙirar ƙarfe, sa'an nan a bi allunan da ɗan siririn kankare daga sama domin ya tsare su daga ruwa da zaizayewa. Kamfanin ya ƙiyasta cewa wannan dabara za ta rage iskar kabon da ake fitarwa wajen samar da kayan ginin da kashi 35 cikin 100 idan aka gwada da ginin ƙarfe na yau da kullum, da kuma kashi 65 cikin 100 idan aka gwada da ginin kankaren da ake zubawa a masana'anta a kawo a jera. Da labarin ya bazu sai ma'abota wannan fanni suka yi saɓani: waɗansu suka karɓe shi da yabo, suna ganin an sami mafita daga wata babbar illa ta zamani, waɗansu kuwa suka ce ado ne kawai aka yafa wa sana'ar da cin wutarta ke ƙaruwa kowace shekara. Tun da yake kowane ɓangare yana riƙe da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya, ya kamata a shimfiɗa mas'alar tun daga tushe, a ɗora ta bisa mizanin adalci, kafin a yanke mata hukunci.

Abin da ake kira cibiyar adana bayanai wani makeken gini ne, galibi marar taga, wanda aka jera dubban kwamfutoci a cikinsa a dogayen kabad na ƙarfe, sahu bayan sahu, suna aiki dare da rana ba hutawa; kuma saƙon da mutum ya aika ta waya, da kuɗin da ya tura ta banki, da hoton da ya ajiye, da karatun malami da ya saurara a intanet, duk a irin waɗannan gidaje suke sauka, daga can kuma suke tasowa. Arewacin Bajiniya, musamman gundumar Loudoun da garin Ashburn, ya fi ko'ina a duniya tarin waɗannan gine-gine. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 cibiyoyin duniya baki ɗaya sun sha wutar lantarki terawat-awa 415, watau kimanin kashi 1.5 cikin 100 na dukan wutar da bani Adama suka yi amfani da ita, tana kuma hasashen adadin zai kai wajen 945 zuwa shekarar 2030, galibi saboda buƙatar ƙirƙirarriyar basira.

Iskar kabon da ke wuyan irin wannan gida kashi biyu ce, kuma wanda bai rarrabe tsakaninsu ba lalle mas'alar za ta rikice masa. Kashi na farko shi ne hayaƙin aiki, watau wanda tashoshin lantarki ke fitarwa kullum domin su ciyar da na'urorin da kuma injinan da ke sanyaya su. Kashi na biyu shi ne hayaƙin gini, wanda aka riga aka saki sama tun kafin a kunna kwamfuta ko ɗaya, a lokacin da ake toya siminti, ana narka ƙarfe, ana ƙera su kansu na'urorin. Siminti yana da wata illa da ke cikin zatinsa, domin ana samunsa ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a tanderun da zafinsa ke kaiwa digiri 1,450, kuma shi dutsen da kansa, yayin da yake rikiɗa, yana sakin iskar kabon da ke ɗaure a jikinsa, har ma ita ce fiye da rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Saboda haka ko da an hura tanderun da makamashi mai tsabta, ba a kuɓuta ba. Ana lissafa wa siminti kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa a shekara, ƙarfe ma kusan haka, tun da kowane tan guda nasa yana tafe da kusan tan 2 na iskar. Shi kuwa Microsoft, wanda ya ɗauki alkawari a watan Janairu na 2020 cewa zuwa 2030 zai riƙa janye kabon daga sama fiye da wanda yake zubawa, sai ga shi a rahotonsa na 2024 yana shaida da bakinsa cewa abin da yake fitarwa ya ƙaru da kashi 29 cikin 100 a kan na 2020, ya kuma jingina ƙarin ga gina sababbin cibiyoyi da kayan da ake zubawa a cikinsu. Wannan ƙunci ne ya sa aka waiwayi itace.

To, amma katakon da ake nufi a nan dabam yake da falankin da kafinta ke sayowa a 'yan katako ya yi ƙofa ko benci. Ana sare itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura, a yanka su falanki-falanki, a shigar da su ɗakin busarwa har danshin jikinsu ya sauko zuwa kimanin kashi 12 cikin 100, sa'an nan a bi kowane falanki da dubawa, a datse inda yake da mugun ƙulli ko tsaga, a fiƙe bakunan guntayen kamar yatsu, a cusa su cikin juna da gam har su koma dogon falanki guda. Daga nan sai a jera sahu ɗaya a miƙe, a shafa gam, a ɗora sahu na biyu a gicciye, a sake shafawa, a ɗora na uku a miƙe, haka har hawa uku ko biyar ko bakwai, kullum adadin wutiri, domin sahun sama da na ƙasa su fuskanci gefe guda. Sai a tura tarin ƙarƙashin injin matsi har gam ya kama. Abin da ke fitowa allo ne mai faɗin kimanin mita 3, wanda tsawonsa kan haura mita 15, kaurinsa kan kai taƙi guda ko fiye, kuma tun a masana'anta wani injin da kwamfuta ke sarrafawa zai huda masa ƙofofi da hanyoyin waya da na bututu daidai da zanen ginin, ba tare da kuskuren da ya wuce 'yan milimita ba. Hikimar gicciyawar ita ce, itace yana da ƙarfi ta tsawonsa, yana da rauni ta faɗinsa, ta faɗin ne kuma yake kumbura da damina ya tsuke da rani. Idan aka saɓa sahu da sahu, kowanne sai ya riƙe ɗan'uwansa. Maginanmu na dā sun san wannan, domin idan za su rufe soro sukan gitta azarar giginya hawa bisa hawa, kowane hawa ya saɓa wa na ƙarƙashinsa, kafin su shimfiɗa zana su ɗora ƙasa. Abin da injiniyoyi suka ƙara shi ne gam da matsi da awo. Wannan shi ne allon gicciye, wanda suke taƙaita sunansa da CLT. Akwai kuma ɗan'uwansa da ake liƙa sahunsa duka a miƙe, wanda da shi ake yin ginshiƙai da manyan azaru.

Sana'ar tana da tarihi. Tun a shekarar 1906 wani kafinta Bajamushe na garin Weimar, Otto Hetzer, ya yi rajistar dabararsa ta liƙa falanki ya zama azara mai lanƙwasa. Allon gicciye kuwa ya taso ne a Ostiriya da Jamus a shekarun 1990, kuma binciken da Gerhard Schickhofer ya yi a jami'ar fasaha ta Graz, tun daga kundin digirinsa na 1994, shi ya ba shi ƙa'idojin da injiniya zai iya dogara da su. A 2019 aka kammala benen Mjøstårnet a Brumunddal ta ƙasar Norwe, mai hawa 18 da tsayin mita 85.4, a 2022 kuma benen Ascent na Milwaukee mai hawa 25 ya ɗan zarce shi, kuma kundin ƙa'idojin gini da yawancin jihohin Amurka ke bi ya halatta ginin katako har hawa 18 a bugunsa na 2021. Wanda ke tantama ko katako na iya ɗaukar gini, waɗannan sun ishe shi amsa.

Hujjar masu goyon baya mafi ƙarfi ita ce, bishiya tana girma ne da kabon da take zuƙa daga iska, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, ta yadda kowace mita kubik guda ta wannan allo tana riƙe da abin da ya yi daidai da kimanin kilo 800 na iskar da dā tana yawo a sama, kuma za ta ci gaba da riƙe shi muddin ginin yana tsaye. Alhali busar da itace da yankansa ba su buƙatar ko kusa da zafin da siminti da ƙarfe ke buƙata, kuma sau da yawa da ɓawo da dusar katakon ake hura wutar busarwar. Bayan wannan akwai sauƙin nauyi, domin allon bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin kankare mai girmansa ba, saboda haka harsashin ginin da ƙarfen da ke tallafe da shi duk sai su ragu, motocin dakon ma su ragu. Akwai kuma sauri, wanda a zahiri shi ya fi jan hankalin masu kuɗin, domin allon yana isowa a shirye, injin ɗaga kaya ya sauke shi a mazauninsa, ma'aikata kaɗan su ɗaure shi da dogayen kusoshi masu murɗi, ba jiran kankare ya bushe; kuma a sana'ar da kowane wata na jinkiri asara ce mai yawa, wannan na iya biyan tsadar katakon, wanda har yanzu yakan fi kayan da aka saba kuɗi a yawancin kasuwanni.

Inda wannan tunani ya fi zama daram shi ne garin Falun na ƙasar Suwidin, kuma garin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Falun tsohon garin haƙar tagulla ne, wanda ramin ma'adininsa ya yi ƙarnuka yana cin itacen dazuzzukan yankin, domin a dā da wuta ake fasa dutse, a jibga itace a jikinsa a kunna da dare, da safe a farfasa abin da zafi ya tsattsaga. An rufe ramin a 1992, kamfanin da ya mallake shi kuwa shi ne ya rikiɗa ya zama Stora Enso, ɗaya daga cikin manyan masu yin allon gicciye a yau. A wannan gari ne kamfanin EcoDataCenter ya buɗe cibiyarsa a 2019, wadda ƙirarta ta katako ce, kuma zafin da kwamfutocinta ke fitarwa, maimakon a watsar da shi a iska, ana tura shi wata masana'anta da ke maƙwabtaka da ita a busar da dusar katako da ake murzawa ta zama makamashin ɗumama gidaje. Abin lura a nan shi ne sharuɗɗan da suka haɗu: kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar Suwidin daji ne, masana'antun katako suna kusa, wutar ƙasar kuma daga ruwa da nukiliya da iska take fitowa, kusan ba ruwanta da kwal ko gas. A inda hayaƙin aiki ya yi ƙaranci haka, hayaƙin gini ne ke zama babban abin da ya saura, don haka rage shi yana da ma'ana ta haƙiƙa.

A Amurka kuwa tafiyar tana da taka-tsantsan. Kamfanin Meta, mai Facebook, ya sanar a 2025 cewa ya fara amfani da haɗaɗɗen katako a harabar cibiyoyinsa, farawa da ta Aiken a jihar Karolina ta Kudu, sa'an nan Cheyenne da Montgomery, yana ƙiyasta ragin kimanin kashi 41 cikin 100 a kan kayan da katakon ya maye gurbinsu. Sai dai ginin ofisoshi aka fara da shi, zaurukan na'urori kuwa suna cikin abin da ake niyya nan gaba. Na Microsoft ma gauraye ne, ƙarfe da kankare suna nan, katakon ya karɓi daɓe da rufi. Wajibi ne mai karatu ya riƙa tambaya, duk lokacin da ya ji an ambaci kashi kaza cikin ɗari, kashin mene ne, domin ragin da aka auna a kan azara da daɓe kaɗai ba daidai yake da ragin da aka auna a kan cibiya da duk abin da ke cikinta ba.

Tambayar da ke fara zuwa bakin kowa ita ce ta gobara, kuma tambaya ce ta hankali, domin gidan da aka cika shi da wayoyi masu ɗauke da wuta mai ƙarfi da tarin batura yana zaune da haɗari kullum. A daren 10 ga Maris na 2021 wuta ta tashi a ɗakin lantarki na wata cibiya ta kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta ƙasar Faransa, ta cinye bene guda ƙurmus ta lalata sashen na kusa da shi, shafukan intanet kimanin miliyan 3.6 suka ɗauke, waɗansu masu hulɗa kuma suka yi asarar bayanansu har abada. Rahotannin 'yan kwana-kwana da masu bincike sun ambaci rashin na'urar kashe wuta mai aiki da kanta, da wahalar katse lantarki, da tsarin shigar iska da ya zame wa wutar mafici, da kuma daɓen katako da aka ƙiyasta zai jure sa'a guda kawai. Wannan waƙi'a ta zauna a zukatan masu inshora, kuma ba laifinsu ba ne.

Amsar injiniyoyi ita ce, katako mai kauri yana da ɗabi'ar da siririn falanki ba shi da ita. Idan wuta ta kama fuskarsa sai ta zama gawayi, gawayin kuma ya zama garkuwa da ke hana zafi da iska isa ciki, ta yadda wutar ba ta cin fiye da kimanin milimita 0.65 a minti guda, watau wajen santimita 4 a sa'a. A bayan wannan baƙin ɓawon kuwa itacen yana nan da sanyinsa da ƙarfinsa. Tun da an san saurin cin, sai a ƙara wa azara kauri da gangan, a bar wa wutar rabonta, abin da ya saura ya riƙe ginin har a fitar da mutane a shawo kanta. Ƙarfe kuwa, wanda ba ya ci da wuta, yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai digiri 600, ya lanƙwashe ba tare da gargaɗi mai yawa ba, shi ya sa shi ma sai an lulluɓe shi. Wannan bayani gaskiya ne, gwaje-gwaje sun tabbatar da shi, amma bai rufe ƙofar magana ba. An taɓa gane cewa waɗansu nau'o'in gam sukan saki idan zafi ya kai gare su, sahun da ya zama gawayi ya faɗo, sabon itace ya bayyana, wutar da ta lafa ta sake tashi, har sai da aka gyara ƙa'idar Amurka da Kanada a 2018 aka wajabta gam mai jure zafi. Kuma gwajin ƙa'ida yana kwatanta gobarar ɗaki ce ta al'ada, alhali gobarar batirin litiyam wata aba ce dabam, mai ciyar da kanta, mai sake ruruwa bayan an ɗauka ta mutu, kamar yadda aka gani a Pangyo ta Koriya ta Kudu a watan Oktoba na 2022, inda gobarar batura ta tsayar da manhajar KakaoTalk da kusan dukan ƙasar ke dogara da ita. A ganina hukuncin a nan a fili yake: ɗakin batura da na lantarki a ware su da bangon da ba ya ci da wuta, a lulluɓe katakon zauren na'urori da allunan kariya, kada kuma a taɓa ɗaukar kaurin itace a madadin na'urar kashe wuta.

Ruwa da nauyi su ma suna da nasu ƙalubalen. Kabad guda na sababbin na'urorin ƙirƙirarriyar basira, irin na kamfanin Nvidia, yana shan wajen kilowat 120, alhali na dā bai cika wuce 10 ba, nauyinsa ya haura tan guda, kuma da ruwa ake sanyaya shi ta bututun da ke ratsa zauren. Itace kuwa idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100 sai ruɓa ta sami ƙofa. Yoyon da ba a gani ba a ƙarƙashin daɓe ya fi ambaliyar da aka gani haɗari. Ana magance wannan da shimfiɗar kariya da na'urorin jin danshi, kuma zauren na'urori wuri ne da ake tsare iskarsa da awo, abin da ke yi wa katako daɗi.

Mas'alar da ta fi zurfi, wadda malaman fannin kansu ba su yi ijma'i a kanta ba, ita ce ta daji. A shekarar 2020 Galina Churkina da abokan aikinta suka buga bincike a mujallar Nature Sustainability suna nuna cewa idan biranen duniya suka koma gini da katako, gine-gine za su iya zama babbar ma'ajiyar kabon. A 2023 kuma Liqing Peng da Timothy Searchinger da waɗansu suka buga nasu a mujallar Nature, suna cewa sarar itacen da duniya ke yi tana jawo ƙarin iskar kabon tan biliyan 3.5 zuwa 4.2 a kowace shekara idan aka gwada da barin dajin ya ci gaba da girma, kuma lissafin da aka saba yi yana ɓoye wannan. Tushen hujjarsu abu ne da duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin saran itace zai gane: bishiyar da aka kayar ba dukanta ke zama azara ba, saiwa da kututture da rassa suna nan a daji suna ruɓewa, ɓawo da dusa da gefen gungume suna tafiya wuta ko masana'antar takarda, abin da ke shiga gini ya daɗe ɗan kashi ne, wadda aka dasa a gurbinta kuwa sai ta yi shekaru 25 zuwa 35 a kudancin Amurka, ko 60 zuwa 100 a ƙasashen arewacin Turai, kafin ta mayar da abin da aka ɗauka. Masanan gandun daji da dama sun yi musu raddi, suna cewa daji ana auna shi ne a dunƙule, inda ake sare ɓangare ɗaya sauran suna girma, kuma mai filin da ba ya samun kuɗin katako yakan sayar da shi a yi gona ko unguwa, dajin da aka bari ba kulawa kuma a yammacin Amurka yakan ƙare a bakin wutar daji.

Abin da na fahimta daga wannan muƙabala shi ne, katako ba ya zuwa da tsarki a jikinsa. Asalinsa ne ke ba shi hukunci. Allon da ya fito daga dajin da aka dasa domin sara, ko daga ƙananan itatuwan da ake ragewa domin tsare daji daga gobara, kuma aka yi shi kusa da wurin ginin, yana da fa'idar da ba a musu. Wanda ya fito daga tsohon kurmin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana tara kabon a jikinsa da ƙasarsa, ɓarnarsa ta fi maslaharsa, ko da an liƙa masa tambarin shaida. Hukumomin ba da shaida irin su FSC, wadda aka kafa a 1993, sun taimaka ƙwarai wajen bin sawun gungume daga daji zuwa masana'anta, amma shaidarsu ta kyakkyawan riƙon daji ce, ba hisabin kabon ba ce. Haka kuma ajiyar da ake faɗa aro ce mai wa'adi, domin ranar da aka rushe ginin aka ƙone allon ko aka bar shi ya ruɓe, iskar za ta koma inda ta fito. Cibiyoyin bayanai kuwa gine-gine ne da fasaha ke saurin tsere musu, kuma allon da aka manne da kankare yana da wuyar ɓamɓarewa a sake amfani da shi. Ƙasashenmu na Afirka ta Yamma, inda ake ta gina irin waɗannan cibiyoyi a Legas da Akara, ba su da wannan masana'anta, ga gara, ga dazuzzukan da suka riga suka ji jiki. Shigo da allon ta jirgin ruwa ko faɗa wa sauran kurmi da sunan gyaran yanayi zai zama kwaikwayon zahiri ne tare da saɓa wa manufa.

Sa'an nan a zo ga girman abin, domin a nan ne nake ganin ake yawan kauce wa gaskiya. Mu ƙaddara wata cibiya mai shan megawat 100 dare da rana. A shekara za ta sha megawat-awa 876,000, kuma idan daga tashar gas wutar ta fito, wadda ke fitar da kimanin kilo 400 na iskar kabon a kowace megawat-awa, hayaƙin aikinta zai kai wajen tan 350,000 a shekara, kusan tan 960 ke nan a kowace rana. Mu ƙaddara kuma an zuba mata katako mita kubik 10,000, wanda ba ƙaramin adadi ba ne. Abin da ya ajiye bai wuce tan 8,000 ba, watau hayaƙin kwana takwas da 'yan sa'o'i, kuma ko an ninka shi domin a shigar da simintin da ƙarfen da aka kauce wa, ba a kai mako uku ba. Wannan ƙiyasi ne kawai na misali, amma ya nuna inda nauyin yake, musamman a Bajiniya inda fiye da rabin wutar da ake samarwa daga gas take. Ko a cikin hayaƙin ginin ma, bango da rufi sau ɗaya ake yin su, kwamfutocin kuwa, waɗanda ƙera su ke cin makamashi mai yawa, ana sauya su duk bayan shekaru huɗu zuwa shida. Saboda haka ina goyon bayan wannan gini da zuciya ɗaya, domin iskar da aka hana fita yau ta fi wadda aka yi alkawarin janyewa gobe, amma ina ganin amana ce a kan kowane kamfani da ya nuna hoton azarar katako ya bayyana tare da shi yawan katakon, da dajin da ya fito, da tushen wutar da cibiyar ke sha, domin kada ƙaramin alheri ya zama labulen babban al'amari.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wadda la'alla ita ce za ta fi daɗewa. Masana'antar allon gicciye a Amurka ta sha wahalar rashin tsayayyen mai saye: kamfanin Katerra, wanda ya gina babbar masana'anta kusa da Spokane, ya durƙushe a 2021, kamfanin Structurlam ma ya bi shi a 2023 bayan cinikinsa da Walmart ya warware, duk da sabuwar masana'antar da ya kafa a Conway ta jihar Akansas. Injinan matsi da na yanka suna da tsada, ba sa riba sai suna aiki kullum, mai gina makaranta ko asibiti kuwa sau ɗaya yake saye ya tafi. Masu gina cibiyoyin bayanai suna maimaita zane guda a wurare da dama, shekara bayan shekara, kuma irin wannan oda ce ke sa masana'anta ta tsaya da ƙafafunta, farashi ya sauko, ma'aikata su ƙware, jami'an kashe gobara da masu inshora su saba da kayan. Daga nan sai amfanin ya gangaro ga gidajen kwana da makarantu, inda kayan gini ke da babban rabo a lissafin kabon fiye da yadda suke da shi a gidan na'ura. Masana'antun nan biyu da suka durƙushe kamfanin Mercer ne ya saye su ya ci gaba da gudanar da su, kuma shi ne Meta ya ba aikin katakon gininsa na Cheyenne.